Abin da Na Rubuta Game da Ciwon 'Yata

Ranar wata Laraba da hantsi ina ofis ina duba fayil aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin in ce a shigo sai ga 'yata ta fari. Na fi shekara ashirin ina aiki a wannan ma'aikata, ba ta taɓa zuwa ba sai in ni na kira ta. Ta gaishe ni a tsaye, ba ta rusuna ba yadda ta saba, ta tura ƙofar da bayanta ta rufe.

"Lafiya, Mamana?" na ce. Haka nake kiranta, don sunan mahaifiyata ta ci, bakina bai taɓa furta sunanta na yanka ba.

Ta ajiye wayarta a kan fayil ɗin da ke gabana, ta juya min ita.

Litinin mai zuwa take da intabiyu a wani kamfani, aikin da ta yi wata da watanni tana nema tun da ta gama bautar ƙasa. Wata ƙawarta ce ta ba ta shawara ta buga sunanta a shafin bincike na intanet ta ga abin da zai fito, wai masu ɗaukar aiki haka suke yi yanzu kafin su ga fuskar mutum. Ta buga. Abin da ya fara fitowa shi ne sunanta cikakke da nawa a bayansa, da sunan firamaren da ta yi, da kalmar farfaɗiya da Turanci.

"Baba, kai ka rubuta wannan?"

Na gyara tabarau na karanta. Tun layin farko na gane maganata.

Tana 'yar shekara tara ciwon ya fara mata. A aji ta fara faɗuwa, daga nan sai a gida, wani lokacin sau biyu a mako. A gidanmu ba a kiran sunansa, sai dai a ce "ciwon nan". Mahaifiyarta ba ta so ko 'yan'uwana su sani. A layin asibiti na haɗu da wata nas 'yar Filato, wadda kowa ke kira Sista, ita ma ɗanta yana da irin ciwon. Ita ta gaya min akwai wani zaure na imel da iyaye suka buɗe. In ka aika saƙo ɗaya sai ya shiga akwatin duk wanda ke ciki, kowa ya ba ka amsa da abin da ya sani. Akwai wani likita ma a ciki. Ta karɓi adireshina ta saka ni.

A lokacin ba ni da kwamfuta a gida. In abokan aiki sun fita cin abinci da rana sai in zauna in yi rubutu. Da farko tambayar magani nake yi. Likitan ya ce in ba shi suna da shekaru da nauyinta, na ba shi a cikin zauren, ban ga wani abu a ciki ba. Daga baya na fara rubuta abin da ba na iya faɗa a gida. A zatona ɗaki ne mai ƙofa, mu kaɗai ne a ciki. Ban taɓa sanin ana tara duk saƙonnin a wani rumbu ba, balle in san rumbun a buɗe yake ga duk wanda ya zo wucewa.

"Ni na rubuta," na ce.

Ta miƙo hannu ta ja rubutun ƙasa da ɗan yatsa, ta tsaya a wani wuri. "Har da wannan?"

Saƙon da na rubuta ne washegarin ranar da ta faɗi a banɗaki ta fasa haɓa. Na ba da labarin yadda ta jiƙa kayanta a gaban 'yan aji, da yadda iyayen wasu yara suka ce a raba mata benci. A ƙarshe na ce wani lokacin in ina kallon jikinta yana fizga, nakan ji da ma Allah Ya ɗauke ta ta huta, mu ma mu huta.

"Mu ma mu huta," ta maimaita da Hausa, a hankali.

Na'urar sanyaya ɗaki tana ta ƙugi, amma rigata ta manne min a baya.

"Shekara goma sha biyar yana nan, Baba. Duk wanda ya taɓa neman sunana ya gani. Malamaina, ƙawayena, waye ma ban sani ba." Ta ɗauki wayarta. "Ni dai a cire kafin Litinin."

Ta fita. Ban bi ta ba, don ban san me zan ce mata a baranda a gaban mutane ba.

Na koma kan kwamfuta na buɗe tsohon akwatin imel ɗina. Zauren ya daɗe da yin shiru, tun da kowa ya koma hira a waya. Na nemi inda zan goge saƙonnina, babu. Mai kula da zaure ne kaɗai ke da wannan iko, masu kula da shi kuwa biyu ne, likitan nan da Sista. Na aika wa likitan saƙo, nan take ya dawo min, adireshin ya mutu. Na kira lambar Sista da ke wayata, aka ce babu ita.

Sau ɗaya na taɓa zuwa gidanta a Karu, ranar da na je mata gaisuwar rasuwar ɗan nata. Abin da na riƙe kawai shi ne akwai coci mai koren rufi a kan kwanar layin, da famfon burtsatse a gabansa. Na ce wa ogana wani uzuri ya taso a gida, na ɗauki mota.

Cunkoson motoci ya riƙe ni a gangaren Nyanya fiye da awa ɗaya. Duk tsayawar da muka yi sai in ɗauki waya in sake buga sunan, kamar zai ɓace don kansa. Na gwada da sunana ma. Ya fito. Na tuna mutanen da suka taɓa yi min wani irin kallo a wajen taro, na fara tambayar kaina ko sun karanta ne. Wani direban bas ya danna min hon yana zagi, sai na ga layi ya matsa tuni.

A Karu na sami coci uku, babu mai koren rufi. Na ajiye motar na bi layi da ƙafa ina tambaya. Wata mai suyar ƙosai ta ce ba ta sani ba. Wani mai aski ya ce, "Nas ɗin da ta yi ritaya? Mai ƙaramin shagon magani? Ka miƙe, bayan mai walda."

Tana zaune a ƙofar shagon tana tsince wake a faranti. Gashinta ya yi fari fat. Ta kalle ni ta ɗan jima, sannan ta tafa hannu.

"Oga! Kai ne? Yarinyanka, yaya jikinshi?"

"Ta warke, Sista. Ta fi shekara goma ba ta shan magani. Ta gama jami'a."

"Mun gode Allah! To me ya sa fuskanka haka?"

Na nuna mata wayar. Ta nemi tabarau a aljihun zanenta, ta karanta tana motsa leɓe. Da ta zo ƙarshe ta ajiye farantin a ƙasa.

"Wannan kowa yana gani?"

"Kowa."

"Na kowa da kowa? Har nawa?"

Na buga sunan ɗanta da ya rasu. Ya fito, da saƙon da ta rubuta mana tana ba da labarin ranar da ya faɗa rijiya. Ta kawar da kai ta dubi titi.

"Likita ne ya buɗe abin," ta ce. "Ya tafi waje tuntuni, ko lambanshi ba ni da shi. Ni suna kawai ya sa ni."

"Amma kina iya shiga?"

"Na manta kalman sirri, Oga. Layin da na yi rajista da shi kuma ya ɓace da waya a mota."

Na zauna a kan bencin da ke gefenta ba tare da ta ce in zauna ba. Can sai ta ce akwai tsohuwar kwamfutarta ta hannu a cikin akwati, wadda take amfani da ita a wancan lokacin, kuma ba ta tuna tana rubuta wata kalma in za ta shiga ba, buɗewa kawai take yi.

Ta rufe shagon muka shiga gida. Ta zaro kwamfutar daga ƙarƙashin zannuwa. Batirin ya mutu, ga shi an ɗauke wuta. Muka kwashe ta muka koma wajen mai askin nan, ya bar mu muka jona a janaretansa. Aka danna, ba ta ce komai ba. Aka sake dannawa. Sai a karo na uku fankar cikinta ta yi wani kuka, fuskar ta kawo haske. Ta ɗauki kusan rabin awa kafin ta gama farkawa, ni kuwa ina tsaye a kanta, ina tsoron kada man janareta ya ƙare. Na haɗa ta da datar wayata. Sista ta buɗe imel.

Ya buɗe. Kwamfutar ta riƙe kalmar duk shekarun nan.

Amma mu biyun ba wanda ya san inda ake taɓawa. Na yi ta juya abin a raina, sannan na kira 'yata. Sai da ta kusa tsinkewa ta ɗauka.

"Mamana, mun shiga. Ina za mu je?"

Muryarta a bushe ta yi min kwatance, kamar mai magana da wani baƙo da ya yi ɓatan hanya. Ku shiga wajen saiti. Ku nemi inda aka ce wa ke iya karanta saƙonni. Na samu. A gabansa an rubuta: kowa a intanet.

"Ku mayar da shi 'yan zaure kawai," ta ce, ta kashe.

Na kai hannu, sai Sista ta riƙe min hannun riga.

"Tsaya, Oga. Ka goge naka kawai."

"Me ya sa?"

"Yanzu na gane wani abu. Kwanan baya wani mata daga Jiwa ya zo shagona, ɗanshi yana faɗuwa. Ya ce ƙaninshi ne ya nemi ciwon a waya, ya ga rubutuna, ya ga na ce ina Karu. A nan suka karanta cewa ba a sa cokali a baki, ba a yin hayaƙi, a kwantar da yaro ta gefe. Ba shi kaɗai ba, wasu ma sun zo. Ina ta mamaki ina suke samuna. In mun rufe, wa zai gaya musu?"

Na ji haushinta a lokacin, ba zan ɓoye ba. Ni abin da ke gabana Litinin ce. Amma na daure na ce to, mu gwada. Muka nemi saƙonnina, sai muka ga ba za ta yiwu ba. Duk wanda ya ba ni amsa, saƙona yana manne a ƙarƙashin nasa. Wanda ya ba shi amsa shi ma ya kwaso duka biyun. Wancan saƙon da ya fi muni ya sami amsoshi da yawa, don mutane sun yi ta ba ni haƙuri, kowanne kuma yana ɗauke da maganata da sunan yarinyar.

"Sista, duba nan," na ce, na buɗe wani saƙo da ba nawa ba. Wata mata ce ta rubuta cewa mijinta bai san 'yarsu tana shan magani ba, a cikin tuwo take saka mata. Ga sunanta, ga unguwarsu. "Wannan ta san ana karanta ta?"

Mai askin ya daina aski yana kallonmu, wanda ake yi wa askin ma ya juyo da rabin kai. Sista ta rage murya.

"Bai sani ba."

"Babu wanda ya sani a cikinmu."

Ta daɗe tana kallon fuskar kwamfutar. Sannan ta janye hannuna, ta danna da kanta. Ta ce tun da sunanta ne a kai, ita za ta rufe, ita kuma za ta gaya wa mutane abin da ya faru.

Kafin in tashi motar na sake buga sunan. Yana nan daram, a sahun farko. In ka danna shi sai a ce ba ka da izinin shiga, amma layi biyun da ke ƙarƙashinsa suna nan, da sunan, da ciwon. Na kira 'yata hankalina a tashe. Ta ce ta sani. Shafin bincike yana ajiye nasa kwafin, sai ya sake zagayowa ya tarar an rufe kafin ya sauke. Akwai fom da ake cikewa a nemi su hanzarta, ta riga ta cike.

"Kwana nawa zai ɗauka?"

"Ba wanda ya sani, Baba."

Da na koma gida bayan la'asar na tarar mahaifiyarta ta ji. Tana zaune a falo da carbi a hannu, ba ta ja.

"Ni ka hana ni gaya wa yayata," ta ce, "kai kuma ka gaya wa duniya."

Ba ni na hana ba, ita ta hana, amma ban gyara mata ba. Ta tambaye ni ko da gaske na yi wa yarinyar fatan mutuwa. Na ce ba fata ba ne, gajiya ce ta rana ɗaya. Ta ce ita ma ta gaji a lokacin, ita ke wanke zannuwan, amma ba ta rubuta ba.

Alhamis da Juma'a gidan ya zama kamar gidan haya. 'Yata takan gaishe ni da safe ta wuce ɗakinta. Ƙannenta suka lura suka rage surutu. Ni kuwa a ofis ba abin da nake yi sai buga suna. Daga masallacin Juma'a ma, kafin in sa takalmi, sai da na duba.

Ranar Asabar mahaifiyarta ta ce tana son kifi daga kasuwar Kado, kuma ita ba za ta je ba, mu tafi ni da 'yata. Mun san dalilinta, ba wanda ya musa. Muka zaɓi tarwaɗa, muka tsaya gefe muna jiran a yanka a wanke. Ƙasa duk ruwa, ga ƙarni, ga masu kiran ciniki.

"Na kwafe su duka kafin ku rufe," ta ce, idonta a kan wuƙar mai kifin. "Naka gaba ɗaya."

"Don me?"

"Labarina ne. Ba wanda ya taɓa ba ni shi. Ni abin da na sani kawai ina farkawa in ga mutane a kaina." Ta gyara mayafi. "Ban san ka je makarantarmu ka yi faɗa da hedimasta a kan benci ba. Ban san kai kake kwana a ƙasa a ƙofar ɗakina ba."

Na ce, "Wancan maganar da na rubuta, Mamana..."

"Na karanta wanda ka aika washegari, da ka ce ka yi istigfari. Na gani." Ta juyo ta dube ni, karo na farko tun Laraba. "Amma har yanzu in na rufe ido wancan nake gani. Kada ka ce in yafe yau. Ka bar ni tukuna."

Na ce na bar ta. Mai kifin ya miƙo leda, ta riga ni karɓa.

Litinin da safe sunan yana nan. Na kai ta har ƙofar kamfanin, na zauna a mota a ƙarƙashin wata bishiya ina kallon agogo. Bayan awa biyu ta fito. Ta ce mutum uku ne suka yi mata tambayoyi, ba wanda ya ambaci ciwo. Sai dai ɗaya daga cikinsu, wata mata, ta tambaye ta ko tana da wata larura da ya kamata su sani. Ta ce musu ta yi farfaɗiya tana ƙarama, ta warke.

"Kowa suke yi wa wannan tambayar?" na ce.

"Ban sani ba."

Ba su ɗauke ta ba. Wasiƙar da suka aiko ba ta faɗi dalili ba, har yau kuma ban san ko sun gani ba. Kwana goma sha wani abu bayan nan sunan ya sauka daga shafin bincike. Wata huɗu bayan haka ta sami aiki a wani wuri.

Sista ta cika alkawari, ta aika wa duk 'yan zauren saƙo ta gaya musu gaskiya. Da yawa akwatunansu sun mutu. Wasu suka yi godiya. Wani mutum ya kira ta ya zazzage ta, ya ce 'yarsa an fasa aurenta sau biyu bai san dalili ba. Ta kira ni tana kuka, ni kuwa na ga wataƙila gaskiyarsa ne, wataƙila kuma ba haka ba ne.

Daga baya ta ce tana so ta tsamo shawarwarin da ke cikin rumbun ta sake rubuta su a fili, ba suna, ba unguwa, saboda masu nema. Idonta ba ya jure kwamfuta, ta tambaye ni ko na san wanda zai taya ta. Na faɗa a gida a wajen cin abinci, ba da nufin kowa ba. Asabar ɗin da ta biyo baya 'yata ta shirya ta ce in ba ta kwatancen shagon. Na ce zan kai ta. Ta ce a'a, za ta hau mota. Na zana mata hanyar a bayan wata takarda, na ce in ta ga mai walda ta iso.